Centaurus A: Ƙaton da Gure ke gani, arewacin Turai ba ya gani

A tsakiyar Afrilu zafi kan hana mutanen Gure kwana cikin ɗaki. Ana idar da sallar isha'i sai tabarmi su fito tsakar gida, manya da yara a kwanta fuska na kallon sama. Garin yana kan babbar hanyar da ta taso daga Damagaram ta nufi Diffa, fiye da kilomita 160 gabas da Damagaram, tsakanin duwatsun Muniyo da tuddan rairayin ƙasar Manga. Daga bakin gari zuwa kwarurrukan goruba da dabino da kanwa, babu wata masana'anta ko babban birni da haskensa zai dusashe sama. Wanda ya yi 'yar tafiya ya bar fitilun kasuwa a bayansa, a daren da babu wata kuma ƙura ta kwanta, zai ga taurari har gab da inda sama ta haɗu da ƙasa.

A irin wannan dare, wajen ƙarfe goma sha biyu, akwai wani abu da ke tsaye kudu sak da garin, ya hau kashi ɗaya cikin uku na tazarar da ke tsakanin doron ƙasa da tsakar ka. Ido kaɗai da ƙyar yake kama shi, amma ƙaramin madubin hangen nesa mai ido biyu, irin na mafarauta da sojoji, ya isa ya fito da shi. Masana taurari suna kiransa Centaurus A, lambarsa a kundinsu NGC 5128. Ba tauraro ba ne. Galaksi ne, wato taron taurari biliyoyi ɗaruruwa da ƙarfin jan juna ya ɗaure wuri ɗaya, kuma a cikin manyan galaksi masu aman wuta da ke aika sautin rediyo mai ƙarfi, babu wanda ya fi shi kusa da mu. Nisansa wajen shekarar haske miliyan 12 ne.

Wannan lissafi yana bukatar a tsaya a kansa. Haske yana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa guda. Daga rana zuwa nan minti takwas da 'yan kai yake yi. Abin da yake ci a shekara ɗaya, kimanin kilomita tiriliyan tara da rabi, shi ake kira shekarar haske. To hasken da zai shiga idon yaron Gure daga Centaurus A ya yi shekara miliyan 12 a hanya. Ƙasusuwan dabbobin dauri da aka tono a Gadafawa, cikin jihar Agadas, sun girme shi nesa ba kusa ba, don su sun haura shekara miliyan 100. Amma duk wani zane da hannun ɗan Adam ya yi a duwatsun Ayar, har da raƙuman dawan nan na Dabus, jiya-jiya ne idan aka gwada da tafiyar wannan haske.

Matsayin Gure a doron ƙasa shi ya ba ta wannan rabo. Garin yana wajen digiri 14 arewa da layin da ya raba duniya biyu, Centaurus A kuwa yana digiri 43 a kudancin sama. Idan aka yi lissafi, yakan hau har digiri 33 a saman Gure. A Kano ya ɗan fi haka, a Alƙahira bai wuce digiri 17 ba. A birnin Paris da Landan da Balin kuwa ba ya fitowa ko kaɗan, yau ko gobe. Charles Messier, Bafaranshen da ya tattara fitaccen jerin abubuwa masu kama da hazo a sama a ƙarni na 18, daga Paris ya yi aikinsa, shi ya sa wannan galaksi, duk da cewa ana lissafa shi na biyar wajen haske a sama baki ɗaya, bai shiga jerinsa ba. Sai a 1826 wani mutumin Sikotilan mai suna James Dunlop ya gan shi daga Parramatta, kusa da Sidni a Ostiraliya, da madubin da ya haɗa da hannunsa, mai faɗin santimita 23. Bayansa John Herschel ya kalle shi daga Afirka ta Kudu, ya bayyana baƙin layin da ya raba shi biyu a littafin da ya fitar a 1847.

Wutar da ke tsakiya

Shekara fiye da ɗari bayan Dunlop, ana kallon abin a matsayin wani hazo mai ban mamaki, ba a ma daidaita kan ko yana cikin galaksinmu ko yana waje ba. Rediyo ce ta tona asirinsa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wasu matasa uku a Ostiraliya, John Bolton da Gordon Stanley da Bruce Slee, suka kafa eriya a bakin wani dutse da ke fuskantar teku a Dover Heights, inda sojoji suka bar tashar rada. Dabararsu ita ce su kama saƙon da ya zo kai tsaye daga sama tare da wanda ya bugi ruwan teku ya dawo, haɗuwar biyun ta nuna masu inda saƙon ya fito. A 1949 suka sanar da cewa wurare uku masu ƙarar rediyo sun dace da abubuwa uku da ido ke gani. Ɗaya ragowar tauraron da ya fashe ne a cikin galaksinmu. Sauran biyun su ne galaksin M87 da NGC 5128. Daga nan ya samu sunan Centaurus A, wato wuri mafi ƙarfin rediyo a rukunin taurarin Centaurus.

A 1954 Walter Baade da Rudolph Minkowski, da ke aiki da babban madubin Dutsen Palomar a Amurka, suka ce abin da ake gani galaksi biyu ne suka haɗe. Binciken da ya biyo baya ya ƙarfafa maganarsu. Babban galaksi mai siffar ƙwallo, cike da tsofaffin taurari, ya haɗiye wani ƙarami mai yalwar iska da ƙura, shekaru miliyan ɗaruruwa da suka shige. Baƙin layin nan ragowar wanda aka haɗiye ne. Ƙura ce mai kauri da ta tare hasken da ke bayanta, kuma a gefenta ana haihuwar sababbin taurari masu zafi, shuɗaye, a galaksin da da ya tsufa ya daina haihuwa.

A can tsakiya akwai baƙin rami mai nauyin rana wajen miliyan 55. Baƙin rami wuri ne da abu mai nauyi ya dunƙule ƙwarai har ƙarfin jansa ya hana komai kuɓuta, haske ma bai tsira ba. Mutane kan tambaya: in haske ba ya fita, ina wutar take fitowa? Daga bakin ramin take, ba daga cikinsa ba. Iskar da ke gangarowa ba ta faɗawa kai tsaye. Tana kewaya ramin cikin faifai mai juyawa da gudu na fitar hankali, sassanta na gogar juna, zafinta na hauhawa har ta fara fitar da hasken X, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Wani kaso ya faɗa ciki. Wani kason kuwa ƙarfin maganaɗisun da ya nannaɗe wurin yakan fizge shi ya harba waje ta kai biyu, sama da ƙasan faifan, cikin siraran kibiyoyi biyu. A Centaurus A an auna sassan kibiyar suna gudun da ya kai kusan rabin na haske. Wannan shi ake nufi da galaksi mai aman wuta: ramin tsakiyarsa yana ci, yana fesarwa.

Namu galaksin, wanda muke ganin gefensa a matsayin farin tsirin nan da ke ratsa sama da damina, shi ma yana da baƙin rami a tsakiya, mai nauyin rana miliyan huɗu. Reinhard Genzel da Andrea Ghez sun samu kyautar Nobel a 2020 saboda auna shi. Amma namu shiru yake, abincinsa kaɗan ne. Na Centaurus A ya samu garar da haɗuwar galaksi biyu ta tura masa.

Abin da kibiyoyin suka fesar ya taru cikin manyan kumbura biyu, arewa da kudu da galaksin, tsawonsu daga wannan kai zuwa wancan ya haura shekarar haske miliyan ɗaya. Ido ba ya ganinsu, sai na'urar rediyo. Da ido na gani, da mutumin Gure ya ga abin da ya ninka faɗin cikakken wata fiye da sau goma sha biyar a shimfiɗe a kudu. Ni wannan ne ya fi tsaya mini a rai cikin labarin duka: abu mafi girma a wannan ɓangaren sama yana nan kowace bazara, bisa kan masu kwana a tsakar gida, kuma ba a san da shi ba sai da aka ƙera eriya.

Afirka tana da hannu a binciken. A tuddan Khomas na Namibiya akwai tashar H.E.S.S., wadda ke kama hasken gama, mafi ƙarfin dukkan haske. A 2009 ta tabbatar da cewa Centaurus A na aiko da irin wannan haske, a 2020 kuma ta nuna cewa ba daga bakin ramin kaɗai yake fitowa ba, har da tsawon kibiyar, tazarar dubban shekarun haske. A Yuli 2021 gamayyar Event Horizon Telescope, wadda ke haɗa na'urorin rediyo daga nahiyoyi dabam-dabam su yi aiki tamkar guda, ta fitar da hoton gindin kibiyar, aka ga gefunanta biyu sun fi tsakiyarta haske, abin da har yanzu masana ke kai-kawo a kansa.

Yadda za a same shi

Abu uku ke yanke hukunci: wata, ƙura, da lokaci. Batun wata mai sauƙi ne ga duk mai bin kwanan watan Musulunci. Daga wajen 24 ga wata zuwa 3 ko 4 ga mai kamawa, farkon dare da tsakiyarsa duhu ne. Ƙura ce matsalar. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana kwaso ƙura daga kwarin Bodele na Cadi, ta bi ta kan Manga da Muniyo, kuma abin da ke ƙasa-ƙasa a sama shi take fara rufewa. A Fabrairu galaksin yana tsayawa kudu wajen ƙarfe huɗu na dare, kafin kiran assalatu, amma sau da yawa hazo ya riga ya cinye shi. A tsakiyar Afrilu lokacin ya dawo tsakar dare, a tsakiyar Mayu wajen ƙarfe goma, a tsakiyar Yuni jim kaɗan bayan isha'i. Daren da ya fi kowane kyau shi ne wanda ya biyo bayan ruwan farko, idan hadari ya wuce ya wanke iska. Manomi ya san irin wannan dare, don shi ne daren da yake shirin fita shuka.

Jagoran hanya tauraro ne da almajiran ilimin hisabi suka daɗe da sani: Simaku, ɗaya daga cikin manziloli 28 da ake lissafa damina da kaka da ɗari da bazara da su. Turawa suna ce masa Spica. A duba arewa a nemo taurari bakwai na Banatu Na'ashin, huɗu a murabba'i, uku a jere a lanƙwashe. A bi lanƙwasar ukun nan, za a iske wani tauraro mai haske ja-ja. A ci gaba da bin lanƙwasar zuwa kudu, sai ga wani fari mai ɗan shuɗi, shi kaɗai a filinsa. Shi ne Simaku. An yi sa'a, shi da Centaurus A a layi ɗaya suke daga arewa zuwa kudu, lokaci guda suke kai ƙololuwar hawansu.

Sai awo da hannu. Mutum ya miƙe hannunsa sosai ya dunƙule, faɗin dunƙulen wajen digiri goma ne. Idan Simaku ya tsaya kudu sak, wato hannun dama na mai fuskantar gabas, a sauko daga gare shi dunƙule uku da rabi. Nan ido zai ga wani tauraro mai dishi-dishi, wanda bai da kaifin sauran. Madubi zai nuna shi ƙwallon haske ne babba. Wannan Omega Centauri ne, dunƙulen taurari wajen miliyan goma, a cikin galaksinmu, nisan shekarar haske 17,000. Shi kansa ya isa dalilin fita. Daga nan a ɗaga madubin sama kaɗan, ƙasa da rabin dunƙule, Centaurus A na nan, ɗan tabo mai hazo, ya fi Omega ƙanƙanta da rauni ƙwarai.

Kada a yi tsammanin hotunan da ake gani a waya. Waɗancan sa'o'i aka yi ana tara masu haske, wasu ma an haɗa rediyo da hasken X an shafa masu launi. Abin da madubi mai ido biyu, mai lamba 7×50 ko 10×50, zai bayar toka-toka ne. Da madubi mai faɗin santimita 10 zuwa 15 kuwa baƙin layin yakan fito, galaksin ya zama kamar goro mai tsaga a tsakiya, ɓari biyu suna fuskantar juna. Ido yana bukatar minti ashirin zuwa talatin cikin duhu kafin ya buɗe, kuma kallon fuskar waya sau ɗaya yakan mayar da shi baya. A jingina gwiwar hannu a kan katanga ko bayan mota don hannu ya daina rawa. A kalli gefen tabon, ba tsakiyarsa ba, domin gefen ido ya fi jin haske mai rauni. Manhajar Stellarium kyauta ce, tana aiki ba intanet, tana da jan haske na dare.

Ƙasa da wannan wuri, dab da doron ƙasa, akwai taurari huɗu na Gicciyen Kudu, gabas da su kuma wasu biyu masu haske sosai. Na hagun shi ne Alpha Centauri, maƙwabcin rana, shekarar haske huɗu da 'yan kai. Ke nan a fili ɗaya na sama, ba tare da juya wuya ba, malami zai iya nuna wa ɗalibai abu uku: mai nisan shekara huɗu, mai nisan 17,000, da mai nisan miliyan 12. Ban san darasin da allo da alli za su iya bayarwa ya kai wannan ba.

Akwai ƙato na biyu. M87, wanda duniya ta ga hoton baƙin raminsa ranar 10 ga Afrilu 2019, yana digiri 12 arewa, don haka kusan ta tsakar kan Gure yake wucewa, sa'a guda kafin Centaurus A. Raminsa ya kai nauyin rana biliyan shida da rabi, kuma tun 1918 Heber Curtis ya lura da kibiyarsa. Sai dai nisansa shekarar haske miliyan 55 ne, yana bukatar madubi mafi girma, kuma a ido bai da wata alama da ta bambanta shi da maƙwabtansa. Ga mai farawa, na kudu ya fi.

Shawara biyu da ba a samu a littattafan Turai. Ta farko, bazara lokacin kunama ne da maciji, a sa takalmi rufaffe, a duba wuri kafin a shimfiɗa tabarma. Ta biyu ta fi muhimmanci. Gure tana kan hanyar Diffa, kuma shekarun rashin tsaro sun sa duk wanda aka gani da madubin hangen nesa cikin dare a bayan gari abin tuhuma ne. A sanar da mai unguwa da jandarmomi tun da rana, a fita cikin jama'a, kada a yi nisa. Filin makaranta da ke gefen gari ya wadatar.

Ba baƙon ilimi ba ne

Wasu kan ɗauka kallon taurari sha'anin Nasara ne. Tarihi bai goyi bayansu ba. Galaksin Andromeda, Abdurrahman as-Sufi ne ya fara rubuta shi, a littafinsa na taurari na shekarar 964. Muhammadu al-Kashinawi, Bafillacen Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi suna a lissafi da ilimin taurari har a Masar. Lokacin da Hugh Clapperton ya je Sakkwato a 1824 ya nuna wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello taswirar sama, ya tarar Sarkin ya san burujai da taurari masu yawa da sunayensu na Larabci. Shekara biyu ke nan kafin Dunlop ya ga Centaurus A. Madugan ayarin gishiri na Bilma da Fashi da taurari suke ratsa Tenere, manomi kuma yana duban Kaza da 'Ya'yanta ya san inda shekara ta kai. Gure kanta ta ga masu awon ƙasa: Heinrich Barth ya sauka a garin a Disamba 1852, zamanin Muniyoma Koso, a hanyarsa daga Kukawa zuwa Damagaram, kuma Eduard Vogel da aka aiko a 1853 ya tallafa masa masanin taurari ne, da su yake gane matsayin garuruwan da ya bi.

Bambancin da ya shiga tsakani gilashi ne. Iliminmu ya tsaya inda ido ya tsaya, na Turawa ya samu madubi a farkon ƙarni na 17 ya wuce. Kuma wannan gilashin ba sai gwamnati ko jami'a ke iya riƙe shi ba. Sau biyu aka ga tauraro ya fashe a cikin Centaurus A, duka biyun masu sha'awa ne suka gano, ba ma'aikatan manyan tashoshi ba. Na farko a Mayu 1986, wani limamin coci a Ostiraliya mai suna Robert Evans ya gan shi da idonsa ta madubi. Evans ya haddace kamannin galaksi fiye da dubu, duk wanda sabon ɗigo ya bayyana a cikinsa sai ya gane, kuma da wannan hanya ya gano fashewa 42 kafin rasuwarsa a 2022. Na biyu a Fabrairu 2016, wata ƙungiyar masu kallo daga bayan gidajensu ce ta kama shi. Ƙasar da yara ke haddace Alƙur'ani izu sittin ba za a ce ta rasa masu irin ƙwaƙwalwar Evans ba.

Maƙwabta sun fara motsi. Ghana ta mayar da tsohuwar tasar sadarwa mai faɗin mita 32 a Kuntunse ta zama na'urar sauraron sama a 2017. Afirka ta Kudu ta buɗe MeerKAT mai tasa 64 a 2018, kuma ƙasashen Afirka takwas ne abokan aikinta a babban shirin sauraron sama na SKA: Botswana, Ghana, Kenya, Madagaska, Morishus, Mozambik, Namibiya da Zambiya. Nijar ba ta ciki, babu kuma ko ɗaya daga ƙasashen Sahel. Misalin da ya fi dacewa da mu shi ne na Senegal. A Agusta 2018 hukumar NASA ta kai ƙananan madubai ƙauyukan ƙasar don auna wani dutse da ke can bayan Pluto lokacin da zai gitta gaban wani tauraro. Abin da ya sa aikin ya yiwu shi ne akwai ƙungiyar masu sha'awar taurari a ƙasar, ƙarƙashin Maram Kairé, da suka riga suka san aikin. A 2021 aka sa wa wani dutsen sama sunansa, a 2023 ya zama shugaban hukumar sararin samaniyar Senegal.

Nijar ma ta sha ganin sama ta jawo mata baƙi. Ranar 29 ga Maris 2006 husufin rana cikakke ya ratsa Maraɗi da Damagaram ya nufi Kawar. A Nuwamba 2023 aka tsinci dutsen da ya fito daga duniyar Mars a jihar Agadas, mai nauyin kilo 24 da ɗoriya, mafi girma da aka taɓa samu, aka sayar da shi a kasuwar gwanjon Sotheby's ta New York a Yuli 2025 kan dala miliyan 5.3, gwamnati ta buɗe bincike kan yadda ya fita. Abin takaicin bai tsaya ga kuɗin ba. Dutse irin wannan ya bar ƙasar ba tare da ɗalibin kimiyya ko ɗaya na Yamai ko Damagaram ya samu damar zama da shi a ɗakin gwaji ba.

Ba na cewa a gina katafariyar tasha a Gure. Wurin ba tudu ba ne, ƙura ta yi yawa, zafin ƙasa yana sa iska rawa. In za a yi wannan magana wata rana, tsaunukan Bagzan da suka haura mita 2,000 za a duba. Abin da Gure ta dace da shi ya fi wannan araha: madubi mai ido biyu guda biyar ko shida da madubi ɗaya mai faɗin santimita 15 a makarantar sakandare, malamin kimiyya ɗaya da aka horar a Jami'ar André Salifou ta Damagaram, da dare biyu ko uku a wata. A gayyato malamin zaure mai sanin manziloli ya nuna Simaku, malamin lakkwal ya ɗora daga nan, a yi bayanin da Hausa da Barbarci. Abdu Mumuni Jofo, ɗan Tasawa, masanin makamashin rana wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, tun a littafinsa na 1964 kan ilimi a Afirka ya dage cewa a koyar da yara da harsunansu. Taurari na daga cikin fannonin da aka fi sauƙin fara hakan da su, tunda rabin sunayen suna bakin tsofaffi.

Saura batun duhun kansa, kuma a nan dole a faɗi gaskiya. Taswirar hasken dare ta duniya da Fabio Falchi da abokan aikinsa suka fitar a 2016 ta nuna kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya ba sa iya ganin farin tsirin galaksinmu daga inda suke zaune, a Turai kashi 60 cikin ɗari, a Arewacin Amurka kusan 80. Ƙasashen da suka fi tsabtar sama su ne Cadi da Afirka ta Tsakiya da Madagaska. Kowa ya san dalili. Duhun Sahel na rashin wuta ne, a Nijar wajen mutum ɗaya cikin biyar ke da lantarki. Babu mai hankalin da zai ce a bar unguwar zoma tana karɓar haihuwa da tocila don a ga galaksi. Wuta za ta zo, kuma ya kamata ta zo da wuri.

Amma fitila iri-iri ce. Fitilun titi masu aiki da rana da ke yaɗuwa yanzu a garuruwanmu yawanci farare ne fat, wasu an kafa su a karkace suna watsa haske gefe da sama. A garin da iskarsa ke ɗauke da ƙura wannan ya fi ɓarna, don ƙurar tana kama farin hasken ta baza shi, kuma ɓangaren da ke fara ɓacewa shi ne na ƙasa-ƙasa, daidai inda Centaurus A da Omega suke. Fitila mai hula, wadda ke kallon ƙasa, mai haske ruwan ɗorawa, tana haska titi fiye da waccan, ba ta kashe wa direba ido, kuma in an sa ta rage ƙarfi bayan tsakar dare batirinta ya fi daɗewa. Ba a ƙara wani kuɗin kirki a kanta. Ana yanke wannan shawara ne ranar da hukumar gari ko ƙungiyar agaji ke rubuta takardar odar fitilun, kuma layi biyu a takardar sun isa: hasken ya kalli ƙasa, launinsa kada ya zama fari.